Bauchi na buƙatar taswirar cututtuka unguwa-unguwa

A shekarar 2021, lokacin da cutar amai da gudawa ta game ƙasar nan, alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, sun nuna mutum sama da dubu 111 ne ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, kimanin 3,600 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Jihar Bauchi ce ta zo kan gaba a yawan waɗanda suka kamu, da mutum fiye da dubu 19, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu mazauna ƙaramar hukumar Bauchi ne. Ba ranar muka fara gani ba. An yi a 2010, an yi a 2014, an sake a 2018. Kowane karo tsarin ɗaya ne: ruwan sama ya sauka, asibitoci su cika, a kafa tantuna, a rataya ledojin ƙarin ruwa, manyan jami'ai su zo jaje, rediyo ya yi ta cewa a wanke hannu. Damina na wucewa sai a naɗe tabarmar zancen har wata shekarar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da waɗannan alƙaluma shi ne inda suke tsayawa. Rahoton da jama'a ke gani yakan ce jiha kaza mutum kaza, in an matsa a ce ƙaramar hukuma kaza. To ƙaramar hukumar Bauchi fa ba lungu ɗaya ba ce. Ta haɗa cikin ganuwa da Jahun da Nassarawa, ta haɗa GRA da Fadaman Mada da Yelwa, ta miƙa har Zungur da Liman Katagum da Galambi. A ƙidayar 2006 an samu mutum kusan rabin miliyan a cikinta, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a ƙasar nan ba, alhali garin ya ci gonakin da ke kewaye da shi ta kowace kusurwa. In ka ce wa injiniyan ruwa “akwai kwalara a ƙaramar hukumar Bauchi”, ba ka gaya masa komai ba. Ba zai san bututun da zai tona ba, ba zai san rijiyar da zai zuba wa kulorin ba.

Ra'ayina shi ne garin Bauchi na buƙatar taswira wadda za ta nuna, unguwa-unguwa, in da hali layi-layi, inda cuta mai yaɗuwa ta fi samun sauƙin shiga. A zana ta tun kafin annoba ta zo. A kafe ta inda kowa zai gani. Sannan a tilasta wa masu raba kuɗin ruwa da na lafiya su riƙa duba ta kafin su sa hannu a kan kwangila.

Aikin ba siddabaru ba ne, kodayake masu yin sa suna son lulluɓe shi da manyan kalmomi. Ana farawa da hoton garin daga tauraron ɗan'adam, wanda ke nuna rufin kowane gida, daga nan a ƙiyasta yawan mutanen da ke kowane yanki. A kan wannan hoton sai a ɗora wani shafi mai nuna inda mutane ke samun ruwan sha: famfo, burtsatse, rijiya, rafi. A ɗora na masai da wuraren da ake bahaya a fili. A ɗora na kwata da lambatu da kududdufai da bola. A ɗora na tudu da kwari, domin a ga inda ruwa ke gangarawa ya kwanta. A ɗora na asibitoci da ɗakunan shan magani, tare da lissafin tsawon lokacin da mutum zai ɗauka kafin ya isa, a ƙafa ko a kan acaɓa. A ɗora na yaran da ba a taɓa yi wa allurar rigakafi ba. Kwamfuta ta haɗa shafukan nan, ta ba kowane yanki maki. Inda cunkoso da gurɓataccen ruwa da nisan asibiti suka haɗu, wurin ya fito ja. Ke nan.

Sai dai taswira ɗaya ba za ta wadatar ba, domin kowace cuta da hanyarta. Amai da gudawa da taifot ruwa suke bi, kuma damina ce kakarsu. Sanƙarau ya fi tashi da rani, lokacin ƙura da zafi, kuma ya fi son ɗakin da mutum goma ke kwana ba taga. Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba za su manta da shekarar da ya kama mutum fiye da dubu 100 a ƙasar nan ya kashe sama da dubu 11 ba. Zazzaɓin Lassa ɓera yake bi, wato rumbu da bola da abincin da aka shanya a bakin hanya, kuma Bauchi na cikin jihohin da suka fi fama da shi, tare da Ondo da Edo. Mashaƙo da ƙyanda su kuma yaron da ba a yi wa rigakafi ba suke nema, kamar yadda muka gani a 2023 lokacin da mashaƙo ya ratsa Kano da Yobe da Katsina da nan Bauchi. Unguwar da ta fito fes a taswirar kwalara tana iya zama ja wur a ta Lassa saboda tana maƙwabtaka da kasuwar hatsi.

Akwai kuma wani abu da masana ba su cika faɗa da ƙarfi ba. Makin nan da kwamfuta ke bayarwa, mutum ne ya gaya mata yadda za ta raba shi. Wani ne ya zauna ya yanke cewa matsalar ruwa ta ci kashi kaza, cunkoso kashi kaza, nisan asibiti kashi kaza. In ka sauya rabon, launin unguwanni ya sauya. Don haka duk wanda ya nuna maka taswira mai kyalli ya ce “kimiyya ce ta faɗa”, tambaye shi wa ya yi rabon, kuma da wa ya yi shawara.

Duk mai karatun lafiyar al'umma ya san labarin likitan nan na Landan, John Snow. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutum sama da 600. A lokacin yawancin likitoci sun yi imani wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo ta, ba a ma tabbatar da ƙwayar cutar ba tukuna. Snow ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi mutuwa, ya ga gawarwakin sun taru kewaye da famfon tuƙa-tuƙa guda a titin Broad. Ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Daga baya ya zana taswirar da har yau ake nuna wa ɗalibai.

Yawanci a nan ake tsayar da labarin, amma abubuwa biyu da suka fi shafar mu suna gaba. Na farko, akwai wani malamin coci na unguwar, Henry Whitehead, wanda da farko bai yarda da Snow ba, ya shiga bincike domin ya ƙaryata shi. Da yake ya san mutanen gida-gida, shi ne ya gano mafarin abin: wata jaririya ce ta kamu, uwarta ta wanke tsummokaranta ta zuba ruwan a ramin ƙazanta na gidan, ramin kuwa tazararsa da rijiyar famfon ba ta kai mita ɗaya ba. Likita ya kawo lissafi, amma wanda ya san ƙofar kowa ne ya gano bakin zaren. Na biyu, wata tsohuwa da ke zaune can Hampstead, nesa da Soho, ita ma ta mutu da cutar. Da aka bincika, ashe tana son ɗanɗanon ruwan famfon Broad, kullum ana kai mata shi a kwalba. Wato ruwa yana tafiya, cuta na biye da shi, ko da taswira ta nuna gidanka a wuri mai tsabta.

Yanzu a shiga kowane tsohon gida a cikin gari a duba. Gidan da kaka ya gina don iyali ɗaya, yau an raba shi gado sassa huɗu ko biyar, kowane sashe da ɗan tsakar gidansa, da rijiyarsa in da hali, da masansa. Maigida zai nuna maka cewa ya yi ƙoƙari, rijiya tana gabas, masai yana yamma. Abin da ba zai iya nuna maka ba shi ne bayan katanga. Masan maƙwabcinsa yana jingine da wannan katangar da rijiyarsa take, taku uku ko huɗu tsakani. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, gidan kuwa gaba ɗayansa bai kai mita 30 ba. Ƙasar Bauchi dutse ne a ƙarƙashinta, don haka rijiyoyin gida ba su cika zurfi ba. Da rani ba a ganin komai. Watan Agusta na kamawa, ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ruwan rijiya ya taso har ana ɗiba da gajeren igiya, matan gida na murna an huta da sayen ruwa. A daidai lokacin ne abin da ke cikin ramin maƙwabci ke tsiyayowa. Ruwan garau yake a ido, ba wari, ba launi.

Babu maigidan da zai iya ganin wannan shi kaɗai, domin iyakar ganinsa katangarsa. Sai an ɗora rijiyoyin layin duka da masansa duka a kan takarda ɗaya sannan abin ke fitowa. Wannan ne amfanin taswira na farko, kuma ya ishe ni hujja.

Sai 'yan ga-ruwa. Ruwan dam ɗin Gubi bai kai ko'ina ba, inda ya kai ma ba kullum yake zuwa ba, shi ya sa dubban gidaje suka dogara da mai tura kura da jarkoki. Mutumin nan yana iya ɗibar ruwa a wata burtsatse ko rijiya a wata unguwa, ya sayar a unguwa ta uku. In tushen ya gurɓace, ko jarkokin sun daɗe ba su ga wanki ba, cutar za ta ɓulla a gidajen da ba abin da ya haɗa su in ban da kurar mutum ɗaya. Taswirar da ba ta san hanyoyin 'yan ga-ruwa ba, ba ta san ruwan da Bauchi ke sha ba. Kuma ba na faɗin haka don a ɗora musu laifi. Su ne ke toshe giɓin da hukuma ta bari, kuma sun fi kowane ofis sanin unguwar da famfonta ya ƙafe da wadda bututunta ya fashe a cikin kwata. A zauna da shugabanninsu, a rubuta wuraren ɗibarsu, a riƙa zuba kulorin a jarka tun daga bakin burtsatsen. Wuraren ɗibar ba su da yawa idan aka kwatanta da gidajen da suke shayarwa.

Wani zai ce ai asibitoci na da rajista, me zai hana a kwashe sunayen marasa lafiya a zuba a taswira a huta? A nan ne nake da ja. Na taɓa raka wani ɗan'uwa wani ɗakin shan magani a cikin gari, na tsaya ina kallon ma'aikaciyar da ke cike babban littafin nan. Layin mutane ya kai waje, ita kaɗai ce, ga zafi. Suna, shekaru, namiji ko mace, sai gurbin adireshi. Na bi shafin da ido daga sama har ƙasa: Bauchi, Bauchi, Bauchi, wani wurin ma alamar “haka nan” kawai aka yi. Jefi-jefi ka ga sunan unguwa, shi ma kowa da yadda ya rubuta shi. Ban ga laifinta ba, domin ba wanda ya taɓa gaya mata cewa wannan gurbin zai yi wa wani amfani. Amma daga irin wannan littafin jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ke kwasar bayanansa ya tura sama. Ko da manhajar zamani aka ba shi, irin su SORMAS da NCDC ke amfani da ita, abin da aka zuba mata shi za ta mayar.

Gyaran wannan ba ya buƙatar ko sisi daga Bankin Duniya. Jerin sunayen unguwanni ne guda ɗaya da kowa zai yi amfani da shi, da umarnin cewa a rubuta unguwa, da sunan mai unguwa, da wata alama ta kusa, masallaci ko makaranta ko injin niƙa. Haka muke yi wa baƙo kwatance dama.

Ko an gyara littafin, da sauran rina a kaba. Rajistar asibiti tana nuna waɗanda suka iso asibiti ne kawai. Wanda ya tsaya a kemis aka ɗaura masa ruwa a kan benci ba ya ciki. Matar da mijinta ya yi tafiya, ba ta samu izinin fita ba, ba ta ciki. Almajirin da ya kwanta a zaure ba ya ciki. Tsohon da gudawa ta kama da dare, kafin asuba rai ya yi halinsa, aka kai shi makwanci da hantsi, ba ya ciki, kwalara kuwa tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i kaɗan in ba a mayar masa da ruwan jikinsa ba. Sakamakon haka, unguwar da ke kusa da asibiti, mai mutane masu ɗan hali, tana iya fitowa ja a taswirar marasa lafiya, ita kuwa ta bayan gari da ba hanya ba asibiti ta fito fari tas. Shirun da ta yi ba lafiya ba ce. Shi ya sa nake cewa a gina taswirar a kan abubuwan da ke jawo cuta, ruwa da masai da cunkoso da rigakafi, sannan a kawo alƙaluman asibiti a gwada a gani ko sun yi daidai. In suka saɓa, wurin da suka saɓa ɗin shi ne wurin da za a fara aika mutum ya duba.

Kada kuma a ce mana wannan aikin Turawa ne, ba za mu iya ba. An riga an yi shi a Arewa. Shekaru da dama ma'aikatan rigakafin shan inna suna yawo da taswirar da aka zana da hannu, kowa na cewa ya gama yankinsa, cutar kuwa ta ƙi ƙarewa. Daga wajen 2012 aka fara zana taswirar mazaɓu daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna duk inda suka taka. Nan take aka ga rugage da ƙauyuka da ba sa cikin lissafin kowa, aka ga layukan da ake tsallakewa. Ba wannan kaɗai ya kawo nasara ba, sarakuna da malamai sun taka rawar da ta fi ta kowace na'ura, amma ya taimaka ƙwarai. Rabon da a samu shan inna na asali a Najeriya tun 2016 a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shi. Bayanan garuruwa da na asibitoci da aka tara suna nan, shirin GRID3 ya ɗora da yawa a intanet kyauta. Tambayata ita ce, me ya sa basirar da aka kashe a kan cuta ɗaya, saboda masu ba da tallafi na waje sun damu da ita, ba a juyo da ita kan cutar da ke kwantar da mu duk bayan 'yan shekaru ba?

Ma'aikata ma muna da su. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tana koyar da safiyo da tsara birane, ga asibitin koyarwarta, ga kwalejojin kimiyya da fasaha a cikin gari. Duk shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu a kan rijiyoyin unguwa kaza ko bolar unguwa kaza, a ba su maki, a jera kundin a kanta ƙura ta rufe. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce, wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana iya ɗaukar lambar wurin da rijiya take. Abin lura a nan, jihohi ba su yi nawa ba wajen kafa hukumomin taswirar filaye, Abuja na da AGIS, Kaduna na da KADGIS, maƙwabtanmu Gombe na da GOGIS. Da yake fili kuɗin shiga yake kawowa, an san iyakar kowane fuloti har da taƙi. Na'urar da ta iya gano wanda bai biya kuɗin ƙasa ba, ba za ta kasa gano rijiyar da ke gefen masai ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce kowa ya san inda talakawa suke, kowa ya san inda kwata ke toshewa, a daina ɓata kuɗi a zane-zane a je a shimfiɗa bututu. Na yarda bututu ne magani. Landan ba taswirar Snow ce ta raba ta da kwalara ba, manyan magudanan ƙazanta da aka gina bayan haka da tsabtace ruwan sha ne. Amma kuɗin da ke akwai ba zai shimfiɗa bututu a ko'ina a shekara ɗaya ba, dole a zaɓi inda za a fara. Yau wa ke zaɓa? Mun sha ganin burtsatsen “aikin mazaɓa” a ƙofar gidan mai faɗa-a-ji, ko a inda akwatin zaɓe ya yi kyau, layi biyu daga wata burtsatsen da ke aiki, alhali can ƙasan unguwa mata na tashi tun asuba neman ruwa. Abin da “kowa ya sani” ba ya hana wannan, domin ba a rubuce yake ba. Ranar da aka ce ga takarda mai hatimin gwamnati da ta nuna layi kaza ne ya fi kowane haɗari, sannan aka kai aikin wani wuri, to mai unguwa ya samu abin riƙewa a hannu, ɗan jarida ya samu tambaya, ɗan majalisa kuma sai ya nemo amsa.

Saboda haka ne nake dagewa a kan a bayyana ta. Taswirar da ke kulle a kwamfutar wani darakta, ana fito da ita ranar taron bita a otal, ba ta da bambanci da babu. A buga ta babba, da Hausa, da boko da ajami, a manna a ofishin hakimi da ɗakin shan magani na kowace mazaɓa. Mutanen unguwa su tsaya a gabanta su yi gardama, su ce wannan burtsatsen da kuka sa ta shekara biyu da lalacewa, wancan kududdufin an cike shi an yi shaguna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gardamar nan ita ce za ta gyara taswirar, ba wani ƙwararre daga Abuja ba.

Amma akwai haɗari, kuma ba ƙarami ba ne. Taswirar cuta ta taɓa zama makami a ƙasar nan. A zamanin mulkin mallaka, da hujjar guje wa zazzaɓin cizon sauro aka ware unguwannin Turawa, aka shata fili na yadi 440 da ba a yarda a yi gini ba tsakaninsu da 'yan ƙasa. Maimakon a kashe sauron a wajen kowa, sai aka ja layi aka ce cuta tana can, mu muna nan. Asalin GRA ke nan a garuruwanmu da dama. Irin wannan tunanin bai mutu ba. In aka shafa wa unguwa jan launi, wani jami'i zai iya karanta shi a matsayin izinin rusau. Mai gidan haya zai ga 'yan haya sun gudu. Ana iya fasa neman aure, ana iya tsangwamar yara a makaranta, ana iya cewa laifin almajirai ne ko na 'yan gudun hijirar da rikicin Arewa maso Gabas ya koro. Kuma da zarar mutane sun fahimci cewa bayanin da suka bayar ya dawo ya cuce su, ba za su sake buɗe wa mai ɗauke da waya da littafi ƙofa ba. Mun ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, aka yi shekaru ana biyan bashin.

Don haka sharuɗɗa biyu ba na sassauci a kansu. Taswirar da za a manna a bango ta nuna unguwa da layi, ta nuna rijiya da kwata da famfo, amma kada ta nuna gidan mara lafiya. Wannan bayanin ya tsaya a hannun ma'aikatan lafiya, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk wanda ya fitar. Na biyu, a rubuta a dokar da za ta kafa aikin cewa jan launi bashi ne a kan gwamnati, ba tuhuma ce a kan mazauna ba. Unguwar da ta fito ja ita ce ta farko a layin kulorin da gyaran bututu da yashe kwata da rigakafi. Ba a yarda a kafa hujja da taswirar a rushe ko rumfa ɗaya ba.

Saura batun wanda zai riƙe ta. Garin da ke tsiro da sababbin unguwanni duk shekara ta hanyar Jos da ta Gombe da ta Ningi da ta Dass, taswirar bana ba za ta yi masa aiki shekara uku masu zuwa ba. Kuma mun san ƙarshen ayyukan da ƙungiyoyin waje ke kawowa: wa'adi na cika, a kwashe kwamfutoci, wanda ya san lambar sirri ya samu canjin wurin aiki. Dattawa na ba da labarin duba-gari na da, wanda ke shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, matan gida na jin an ce ga shi nan su hau share-share. An ji tsoronsa fiye da yadda aka so shi, kuma ba na kiran a dawo da tara da cin mutunci. Amma mutumin ya san yankinsa ƙofa-ƙofa. Jami'an tsabtar muhalli har yanzu suna nan a ƙananan hukumomi da hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA. A raba musu unguwanni, kowa da nasa, a haɗa shi da mai unguwa da kwamitin ci gaban mazaɓa, a sa kuɗin man babur ɗinsa a cikin kasafin jiha maimakon jiran tallafi.

Lokacin zagayen kuwa rani ne, daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da hanya ke biyuwa kuma rijiyoyi suka ja baya ana ganin gininsu. Zuwa Afrilu a ce sabuwar taswira ta fito, an san rijiyoyin da za a zuba wa magani, an san kwatocin da za a yashe, an ajiye gishirin haɗa ruwan gishiri da sukari da ledojin ƙarin ruwa a ɗakunan shan maganin da ke cikin jan yanki kafin ruwan farko na Mayu. Sannan idan kwamishinonin lafiya da na ruwa suka je kare kasafinsu a gaban majalisar dokokin jiha a ƙarshen shekara, a shimfiɗa taswirar a kan tebur, a bi ayyukan da suka ce sun yi ɗaya bayan ɗaya, a ga nawa ne suka faɗa cikin jan yankin.